Netwok Babu? To, Wa Ya Auna?

In da za a ƙirga maganganun da suka fi fita daga bakin ɗaliban makarantar nan, bayan "yunwa nake ji" da "yaushe za a manna sakamako", ina jin "netwok babu" ce za ta zo ta uku. Lokacin rajista ita ce, lokacin biyan kuɗin makaranta ita ce, daren da za a tura wa lakcara aiki kafin sha biyu ma ita ce. Amma tsayar da mai faɗin ka tambaye shi: tun ƙarfe nawa ya ɗauke? Minti nawa ya yi? Laifin wayarka ne, ko na eriyar kamfani, ko kuwa shafin da kake son shiga ne ya cushe? Sai ya ce maka, "Kai dai bari, abin ba ya ja." Iyakar hujjar tamu ke nan.

Ni a ganina, muddin haka muke kai kuka, babu wanda zai saurare mu, kuma ba zan ga laifinsa sosai ba. A watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin ɗari. Muka yi ta surutu a hostal da wurin mai shayi, muna cewa an ƙara kuɗi sabis bai gyaru ba. Wataƙila gaskiyarmu ce. To amma da za a ce mu kawo shaida a rubuce, ta wata guda kawai, wa ke da ita? Hukumar na da lambar kai ƙara, 622, kyauta ake kira. Ka kira ka ce me? Ka ce ba ya ja?

Shi ya sa nake so ƙungiyar ɗalibai ta mallaki na'urar awon intanet, kuma ta koyi tayar da ita in ta kwanta. Kashi na biyun nan ya fi na farko muhimmanci, kuma a kansa zan fi tsayawa.

'Yar na'ura ce da ba ta fi tafin hannu ba. 'Yan sashen kwamfuta na ce mata furob, ni na fi son in kira ta ma'auni, tunda aikinta ke nan. Wadda aka fi sani ita ce ta shirin RIPE Atlas, wanda cibiyar RIPE NCC da ke Amsterdam ta ƙasar Holan ta fara a 2010. Yanzu akwai irinta sama da dubu goma a kunne a faɗin duniya, a gidajen mutane da ofisoshi da jami'o'i, kuma kyauta ake ba wanda ya nema aka amince masa. Ka jona ta da rauta ta hanyar kebul, ka ba ta wuta da caja irin ta waya, shi ke nan ta kama aiki dare da rana. Takan aika sallama ga wata kwamfuta mai nisa ta ƙirga tsawon lokacin da aka ɗauka kafin a amsa mata. Takan bi sawun saƙo zango-zango, ta rubuta duk tashar da ya yada zango kafin ya isa. Takan kuma tambayi DNS, wato rumbun da ke juya sunan shafi zuwa lambar adireshinsa, ta ga ko yana ba da amsa daidai. Yawancin abin da ta auna a fili yake, kowa na iya buɗewa ya gani.

Ka buɗe taswirar shirin ka duba da idonka. Jamus ta cika maƙil da ɗigo, har ba ka ganin ƙasar. Ka gangaro Najeriya, ɗigon ya yi ƙaranci. Ka hauro Arewa kuwa, sai ka yi ta nema. Ma'ana, in intanet ya lalace a Zariya, duniyar masu awo ba ta ma san ya lalace ba.

Akwai guda a nan Kongo, a wani shagon buga takardu da da yawanmu ke zuwa yin rajista da ɗinke furojek. Ƙanen mai shagon ne ya samo ta a wani taron injiniyoyin intanet, ya zo ya jona masa, ya koma Abuja bakin aikinsa. Ta yi aiki na wani lokaci, sai ta yi shiru. Kusan wata uku shafinta na nuna a katse take, ita kuwa tana nan a bayan firinta, ƙura ta lulluɓe ta. Kowa ya shigo da nasa fassarar. Wani ya ce kamfanin waya ne ya gano ta ya toshe. Wani ya ce ta ƙone tun ranar da aka kawo wuta mai ƙarfi. Wani dattijo da ke zuwa buga takardun kotu ya ce wa mai shagon ya ma gode Allah, ai dama kayan leƙen asirin Turawa ne. Babu ko ɗaya da ya taɓa na'urar kafin ya yanke hukunci.

Ni da abokan karatuna biyu muka ɗauki Asabar biyu a kanta, da izinin mai shago. Ga yadda aikin yake, don irin wannan matsala za ta samu duk wanda ya riƙe irinta a garin nan.

Ba a fara taɓa akwatin ba. Shafinta ake fara buɗewa a ga abin da ita kanta ta faɗa kafin ta yi shiru. Akwai tarihin duk lokacin da ta haɗu da lokacin da ta katse, har da minti. Akwai kuma wani sashe na saƙon neman ɗauki: in na'urar ta tashi amma ta kasa kaiwa ga uwar gijiyarta, takan lallaɓa ta aika ɗan gajeren saƙo ta hanyar DNS ta ce ga ni da rai. Wannan kaɗai ya raba matsala gida biyu. In saƙon na zuwa, to tana da wuta, kebul na aiki, ta kuma sami adireshi. Cikas ɗin yana gaba. In ba ya zuwa sam, ka koma ƙasa ka fara daga soket.

Tamu, saƙon yana zuwa jefi-jefi, kuma tarihin kwanakinta na ƙarshe ya nuna tana haɗuwa tana katsewa sau da yawa a rana ɗaya. Wannan ba halin toshewar kamfani ba ne. Wanda ya toshe ka ba ya buɗe maka bayan minti goma ya sake rufewa. Halin wuta ne. Da muka ja firinta muka leƙa, cajar da ke jikinta ba tata ba ce. Wani ya zare ta asalin ya yi cajin waya ya wuce da ita, aka maye gurbinta da irin 'yar arahar nan da ake shimfiɗawa a tire a bakin tasha. Irin wannan caja takan kunna fitilar na'ura, ka ɗauka komai lafiya, amma da na'urar ta ɗan ja wuta sai ƙarfin ya faɗi, ta mutu ta sake tashi. Fitila a kunne ba shaidar lafiya ba ce.

Muka sa caja mai kyau. Ba ta dawo ba. A nan ne mutum ke jin kamar ya zazzare komai ya canja kebul, ya canja rauta, ya canja soket gaba ɗaya. In ka yi haka ta tashi, ba ka san abin da ya gyara ta ba, kuma gobe in ta sake kwanciya kana nan inda kake jiya. Abu ɗaya ake canjawa, a jira, a rubuta. Muka zare kebul ɗinta muka sa a laftof: laftof ya sami adireshi daga rauta nan take, ya shiga intanet. To kebul da rauta sun fita daga zargi. Saura me?

Saura filas. Ta shagon ƙirar zubi na uku ce, wadda aka gina a kan 'yar ƙaramar rautar TP-Link, kuma manhajarta da bayanan da take tarawa duk a kan filas suke, wanda ke maƙale a gefenta. An san wannan zubin da wannan ciwo a duk duniya: in wuta ta ɗauke tana tsakiyar rubutu, abin da ke kan filas ya hargitse. A Turai sai a daɗe hakan bai faru ba. A Kongo fa? Wuta ta ɗauke, a tada janareto, wuta ta dawo, a kashe janareto a juya layi. Kowace juyawa mutuwa ce da tashi ga na'urar, ga kuma caja mai rauni ta ƙara mata nata. Maganin da masu shirin suka bayar mai sauƙi ne: ka cire wuta, ka zare filas, ka kunna ta ba filas ka bar ta kamar minti goma, sannan ka mayar, ita da kanta za ta goge shi ta sake zuba manhaja. In ya ƙi, filas ɗin ya gama yawo, ka sa sabo wanda bai gaza gigabait 4 ba. Namu ya ƙi. Muka hau Keke zuwa PZ muka sayo sabo. A nan ma a yi hattara, akwai jabun filas da ke rubuta babban lamba a jiki alhali cikinsa bai kai ba. Ka gwada a kwamfuta kafin ka bar shagon. Bayan La'asar shafinta ya koma kore.

Kuɗin gyaran duka bai kai abin da ɗalibi ke kashewa a data a wata ba. Wata uku tana kwance saboda caja da filas.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba gyaran ba ne. A aji mun haddace matakai bakwai na OSI, mun jera su a takardar jarrabawa daga na ɗaya har na bakwai, an ba mu maki. Amma sai a bayan firintar nan na ga amfanin jerin: wuta da waya tukuna, sannan adireshi, sannan suna, sannan sauran. Difloma ta fasaha da ba ta koya wa mutum bin matsala daki-daki ba, me ta ba shi? Kuma wannan ba na 'yan kwamfuta kaɗai ba ne. Ɗan lantarki da ɗan kanikanci duk wannan tarbiyyar ake nema gare su a wurin aiki. Abin haushi shi ne yawancinmu za mu gama ba mu taɓa zama gaban abin da ya lalace da gaske ba, wanda babu amsarsa a bayan handawut.

Wanda zai sa irinta a netwok ɗin babbar makaranta kuma, ya san akwai wasu tarkuna biyu da shago ba shi da su. Na farko, shafin nan da ke tare ka ya ce sai ka sa suna da kalmar sirri kafin ka wuce. Na'urar ba ta da hannun da za ta rubuta, don haka sai an kai lambar jikinta wurin masu kula da netwok sun yi mata rajista ta wuce kai tsaye. Na biyu, katangar tsaro. Na'urar na magana da uwar gijiyarta ta ƙofa mai lamba 443, wadda shafukan intanet ke bi, amma da yaren SSH take magana. Katangar da ke leƙa cikin saƙo sai ta ga baƙon yare ta datse. Wata kuma ta bar ta ta haɗu amma ta hana sallamarta fita, sai ka ga shafi kore amma awo duk fanko. Waɗannan ba a gyara su da sukundireba. Takarda ake rubutawa a hau bene a zauna da mutane, kuma nan ne ƙungiya ta fi ɗalibi guda ɗaya baki.

Na san abin da wasu za su ce. Na farko maganar dattijon can, leƙen asiri. Tambaya ce mai kyau, bai kamata a yi mata dariya ba, don duk abin da za ka jona a layinka ya kamata ka san me yake yi. Na'urar ba ta sauraron abin da sauran masu amfani da layin ke aikawa. Nata saƙon take ƙirƙira ta aika ta auna. Manhajarta a buɗe take, mai iya karanta ta na iya dubawa. Wayar da ke aljihunka, mai Facebook da TikTok, ta fi ta sanin sirrinka nesa ba kusa ba. Na biyu, data. Tana ci, amma awonta na yau da kullum bai cika wuce gigabait biyu a wata ba. Akwai wanda ke ƙone wannan a daren Lahadi ɗaya wajen kallon ƙwallo.

Na uku shi ne mai nauyi, kuma ba zan ɓoye shi ba. Ba ta auna saurin saukar da bidiyo. Kuma layin da aka jona ta kaɗai ta sani. Guda ɗaya ba za ta yanke hukunci kan duk kamfanoni ba, ba kuma za ta gaya maka abin da ya sa sabis ke faɗuwa a ɗakinka na ƙarshen hostal ba. Gaskiya ne. Amma amsar wannan ita ce a ƙara yawansu, ba a bar guda ɗayan ta mutu ba. Tun 2020 ma ba dole sai an jira akwatin ya zo daga Turai ba: akwai zubin manhaja da ake ɗorawa a kan kwamfuta mai Linux, ko tsohuwa ce, ko 'yar Raspberry Pi. Tsofaffin kwamfutoci nawa ne ke jibge a ɗakunan gwaji an rufe su da leda?

To me za mu gani in tana aiki? Bari in ba da misali da lissafin da kowa zai iya. Haske a cikin zaren gilashi na cin kusan kilomita 200 a milisakan ɗaya, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Daga Zariya zuwa Legas mu ƙaddara kilomita dubu: zuwa da dawowa milisakan 10, sai ɗan abin da tashoshin hanya za su ƙara. Kebul ɗin MainOne da ya taso daga Fotugal ya sauka Legas a 2010 kuwa tsawonsa kusan kilomita 7,000 ne: zuwa da dawowa milisakan 70 ke nan tun ba a ƙara komai ba. Saboda haka in ka bi sawun saƙo zuwa wani shafi na cikin gida ka ga lokaci ya yi tsalle ya haura ɗari a tsakanin zango biyu, akwai alamar saƙon ya tsallaka teku ya dawo. Kamar ka aiki yaro daga Kongo zuwa Sabon Gari ya bi ta Kaduna. Don a hana irin wannan aka kafa IXPN a 2006, mahaɗar da kamfanonin intanet na Najeriya ke musayar saƙo a cikin gida, kuma tana da reshe a Kano. Ko saƙonmu na bi ta nan? Ma'auni ne zai faɗa, ba hasashe ba.

Ku tuna ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, a farkon azumi, da kebul huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa. Manhajojin banki suka riƙa ƙin buɗewa, mu nan muna ta kashe waya muna kunnawa, wasu na zagin mai POS. Matsalar tana can ƙasan teku kusa da Abijan. Ku tuna ƙarshen Oktoban 2024, da yawancin Arewa ta yi sama da mako guda cikin duhu bayan lalacewar layukan da ke kawo mana wuta. Ku tuna 2021, da aka rufe layukan waya a Zamfara a farkon Satumba, daga baya aka haɗa da wasu sassan Katsina da jihar Kaduna saboda matsalar tsaro. Abubuwa uku mabambanta, amma a bakinmu sunansu ɗaya: netwok babu. Ma'auni na bambanta su. Yankewar kebul na teku, za ka ga na'ura na raye amma hanyar waje ta canja ko ta yi nisa. Rashin wuta, za ka ga ita kanta ta mutu ta tashi daidai da janareto. Ko shirunta ma bayani ne. Tarihin katsewar ta shagon Kongo, in ka karanta shi da kyau, jadawalin wutar layin ne da ba wanda ya zauna ya rubuta.

Akwai kuma riba ta kai tsaye. Mai riƙe da na'ura na samun maki 15 duk minti ɗaya da ta yi a haɗe, 21,600 ke nan a rana in ba ta katse ba. Da wannan makin kake sa na'urorin wasu, a Legas ko Landan ko Nairobi, su yi maka naka awon. Ranar da shafin rajista ya ƙi buɗewa, maimakon mu yi cincirindo a kafe muna zargin juna, sai a sa goma daga wurare daban-daban su ƙwanƙwasa masa. In duk sun kasa kaiwa, matsalar tana can inda shafin yake zaune. In su sun kai mu ne ba mu kai ba, tana hanyarmu. Shugaban ƙungiya ya shiga ofis da takarda ɗaya mai ɗauke da lokaci da lambobi ya nemi a ƙara wa'adin rajista. Wannan ya fi a shiga da "ɗalibai na kuka" sau goma. Ga 'yan ajin ƙarshe kuma, furojek da aka gina a kan awon gaske na wata shida ya fi wanda aka raba takardar tambayoyi hamsin aka cike arba'in a ɗaki.

Abin da nake roƙon sabbin shugabanni ba shi da yawa. A nemi na'ura da sunan ƙungiya, ko a ɗora ta manhaja. A buɗe asusunta da imel ɗin ƙungiya, ba na wani ɗalibi ba, domin babban abin da ke kashe irin waɗannan na'urori ba wuta ba ce, kammala karatu ne: mai ita ya tafi bautar ƙasa ko neman aiki da kalmar sirri a kansa, akwati ya zama maraya. A saya mata ɗan batirin nan na rauta da ke riƙe wuta in an ɗauke, ya ɗauki ita da rautar tare, don ba amfani ta rayu rauta ta mutu. A ɗaure cajarta da tef a rubuta kada a taɓa. A ɗaga ta daga ƙasa saboda ɓera da ƙurar hunturu, a kuma zare kebul in hadari ya taso da tsawa. A ajiye littafi kusa da ita, duk wanda ya taɓa ta ya rubuta rana da abin da ya canja. Sannan duk shekara a naɗa mutum biyu, ɗaya daga ajin ƙarshe ɗaya daga ajin farko, a sa ta cikin kayan da ake miƙawa ranar miƙa mulki, tare da hatimi da makullin ofis.

Mu ukun da muka yi aikin Kongo duk 'yan ajin ƙarshe ne, bayan jarrabawar nan za mu watse. 'Yan ajin farko da ke son ganin yadda ake yi, mata da maza, kowane sashe, ku same mu a ɗakin gwajin kwamfuta ranar Asabar bayan Azahar. Mai tsohon filas ya taho da shi.